Gidan Ɗan Hausa na Kano: Tarihin Gidan, Mazaunansa da Matsayinsa a Tarihin Rubutun Boko

1.0 Gabatarwa

Al'adar Kanawa ce su kira babban gida da sunan wanda ya kafa shi, ko kuwa da sarautar da ake riƙewa a cikinsa. Ta haka ne aka sami Gidan Rumfa, wato fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina, da kuma Gidan Makama da ke kusa da ita, wanda a yanzu ya zama wurin adana kayan tarihi. A bayan ganuwa kuwa, a unguwar Nassarawa, akwai wani babban soro wanda bai bi wannan ƙa'ida ba. Ana kiransa da laƙabin wani baƙo ɗan asalin ƙasar Suwizalan, wanda bai gaji gidan ba, bai bar wa 'ya'yansa shi ba, kuma zamansa a ciki bai wuce shekara shida ba. Wannan shi ne Gidan Ɗan Hausa, baƙon kuwa shi ne Hanns Vischer (1876–1945).

Abin da aka fi sanin gidan da shi shi ne cewa a harabarsa aka buɗe makarantar boko ta gwamnati a shekarar 1909, wadda daga gare ta ne makarantun lardunan Arewa suka tsiro. Wannan maƙala ba ta musanta haka ba. Abin da take son jawo hankalin manazarta harshe a kai shi ne, a wannan gida ne rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa ya tashi daga ra'ayin 'yan mishan da wasu jami'ai ƙalilan, ya zama aikin yau da kullum na hukuma, da allo da alli da ɗalibai. Saboda haka tarihin gidan wani babi ne na tarihin ƙa'idojin rubutun Hausa, kuma abin da aka samu da abin da aka rasa a wannan babi suna tare da masu rubuta harshen har yanzu.

2.0 Nassarawa Kafin Zuwan Vischer

A ƙarni na goma sha tara sarakunan Kano suna da gandaye da gidajen hutu a kewayen birni, kamar Fanisau da Ɗorayi, inda bayin sarki suke noma hatsin da ake ciyar da fada. Nassarawa, wadda ke gabas da ganuwa, tana cikin waɗannan gandaye, kuma ana danganta kafa gidan sarki da ke can ga Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Gidan sarkin yana nan har yau, a nan ne kuma aka binne Sarki Ado Bayero a 2014. Ruwayar da ta shahara a Kano ita ce, asalin Gidan Ɗan Hausa wani ƙaramin gini ne na mai kula da gandun sarki, kuma Sarki Abbas ne ya ba Vischer wurin, shi kuwa ya sa aka faɗaɗa shi ya zama yadda aka san shi.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, a ƙarƙashin Kanar Morland, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A cikin shekarar aka naɗa Wambai Abbas ya zama sarki, ya yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1919. Sababbin masu mulki ba su yi sha'awar zama cikin birni ba. Sun zaɓi filayen Nassarawa da Bompai, inda suka kafa ofisoshi da bariki da gidajensu, nesa da cunkoson jama'a amma kusa da sarki gwargwadon yadda za a iya kiransa ko a je masa. Wannan zaɓi ya dace da salon mulkin da Gwamna Lugga ya shimfiɗa, na barin sarki a fadarsa ana juya shi daga waje. Makarantar da za a kafa daga baya ita ma sai ta gaji wannan matsayi: tana ƙasar sarki, da yardar sarki, amma a bayan ganuwa, inda malaman zaure na Madabo da sauran unguwannin ilmi ba za su ga an kafa musu kishiya a ƙofar gida ba.

3.0 Fasalin Ginin

Ginin ƙasa ne, kuma magina Hausawa ne suka yi shi da kayan aikin da suka gada. An ɗora bangayensa da tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, mai faɗin gindi da tsinin kai, ana jera shi ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Irin wannan bango yakan yi kauri ƙwarai daga ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa, shi ya sa ɗakin soro yake da sanyi da rana, da ɗumi kuma a daren hunturu. Rufin kuwa na azara ne, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, itacen da gara ba ta cika yi wa ɓarna ba.

Azara tana da iyaka. Idan aka shimfiɗa ta ba tare da tallafi ba, tazarar da za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a kai ba ta wuce kimanin ƙafa shida ba. Dabarar da maginan Hausa suka yi wa wannan matsala ita ce bakan gizo: ana dasa azara a cikin bango daga ɓangarori biyu, a riƙa ɗaure wata a kan wata da igiya, kowace tana ɗan zarce ta ƙarƙashinta, har su haɗu a tsakiya, sa'an nan a lulluɓe su da ƙasa. Idan bakuna suka gitta juna aka sami ɗaurin guga, sai a iya rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiyarsa. Wannan fasaha ce ta kai matuƙa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a farkon rabin ƙarni na goma sha tara, ita ce kuma ake gani a manyan ɗakunan Gidan Ɗan Hausa. Daga waje akwai zankwaye a kusurwoyin rufi, da indararo masu zubar da ruwan sama nesa da bango, da zanen ado a fuskar ginin.

Sai dai kuma tsarin zaman da aka yi ginin dominsa ba na Bahaushe ba ne. Gidan attajiri ko basarake a birnin Kano jerin shamaki ne: daga zaure a shiga ƙofar gida, a wuce shigifa, kafin a kai cikin gida inda turaka da ɗakunan mata suke warwatse a tsakar gida, kuma kowane mataki yana rage yawan waɗanda aka yarda su wuce. Gidan Bature kuwa yana tara wurin zama da na cin abinci da na kwana a haɗe, ana fita daga wannan a shiga wancan. Abin da magina suka yi a Nassarawa shi ne suka ɗauki hannun Hausa suka yi wa tsarin Turai aiki da shi. Wanda ya lura da wannan zai fi saurin gane abin da maigidan ya yi wa harshen.

4.0 Maigidan da Laƙabinsa

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel a 1876. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij a Ingila, ya kuma fara zuwa ƙasar nan a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar C.M.S., inda ya zauna a Loko, a bakin kogin Binuwai, a 1901. Bai daɗe a aikin mishan ba. A 1903 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulki, aka tura shi Barno. A 1906, da zai komo daga hutu, maimakon ya biyo jirgin ruwa sai ya taso daga Tarabulus da ayari, ya ratsa Sahara ta Murzuk da Bilma har zuwa yankin Tafkin Cadi. A cikin ayarin akwai alhazai masu komowa gida da 'yantattun bayi masu neman komawa ƙasashensu. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Across the Sahara from Tripoli to Bornu, wanda aka buga a 1910.

Hausawa sun saba raɗa wa Turawan mulki suna gwargwadon aikinsu ko kamanninsu. Alal misali Cargill, Razdan na farko a Kano, Mai Gunduma aka riƙa ce masa saboda shi ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma. Vischer kuwa aka ce masa Ɗan Hausa saboda yadda harshen ya zauna a bakinsa. Yana da kyau a lura da cewa ba a ce masa Bahaushe ba. Ɗafa-goshin "ba-" yana nuna asali, kamar a Bakano ko Bakatsine, alhali "ɗan" ya fi faɗi, domin yana shiga sana'a da ɗabi'a da abin da mutum ya lazimta, kamar a ɗan kasuwa, ɗan dambe, ɗan koyo. Laƙabin yabo ne, babu shakka, amma yabo ne mai awo: ya tabbatar masa da harshen, bai ba shi asalin ba.

4.1 Makarantar Nassarawa

Dalilin kawo Vischer Kano yana da nasaba da alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903, cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin jama'a ba. 'Yan mishan sun riga sun gwada sa'arsu. Ayarin Bishop Tugwell ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Likita Walter Miller, wanda yake cikin wannan ayari, ya samu ya zauna a birnin Zariya daga 1905, amma makarantar da ya shirya domin 'ya'yan sarakuna da malamai ba ta karɓu ba, don kowa ya san inda karatun ya dosa. Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, sai ya ga cewa in dai ana son 'ya'yan Musulmi su zo, to dole makarantar ta zama ta gwamnati. A 1908 ya zaɓi Vischer, aka kuma tura shi ya ga yadda ake yi a Masar da Sudan da ƙasar da ake kira Gana a yau. Abin lura a nan shi ne, mutumin da aka ɗora wa kafa makarantar da ba ta mishan ba, tsohon ɗan mishan ne.

Da ya komo a 1909 sai ya fara da ajin malamai, wato mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, domin su ne za su koyar da na baya. Daga nan aka ƙara makarantar 'ya'yan sarakuna, da ta elementare, da ta koyon sana'o'in hannu. Ana koyar da karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya, duka da Hausa, ga kuma darasin Larabci da addini a hannun malamai. Baitulmalin gargajiya yana cikin masu ɗaukar nauyin makarantar. Ɗalibai sun zo daga larduna daban-daban, an bar su da tufafinsu da abincinsu da gaisuwarsu ta gida. Manufar Vischer ita ce kada karatu ya raba yaro da mutanensa. Ana iya yaba wannan, ana kuma iya ganin ɗaya fuskar: rashin ba Ingilishi muhimmanci a farkon al'amari ya sa guraben akawu a ofisoshin gwamnati da na jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, suka daɗe a hannun waɗanda suka yi makarantun mishan a Kudu.

Daga cikin waɗanda suka yi karatu a Nassarawa akwai Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda daga baya ya koyar a Zariya da Kwalejin Katsina, ya kuma rubuta Ganɗoki, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙaga labari ta 1933. Jarumin littafin da yaƙar Turawa ya fara, an kuwa rubuta labarinsa da baƙaƙen da marubucin ya koya a gidan Bature.

4.2 Boko ko Ajami

Lokacin da Vischer ya buɗe ajinsa, Hausa ta daɗe da zama rubutaccen harshe. Waƙoƙin masu jihadi, irin su na Nana Asma'u (1793–1864) da ɗan'uwanta Isa, da ajami aka rubuta su aka kuma yaɗa su. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta zube mai yawa da ajami a kan tarihi da al'adun Hausawa. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda yake kan gado a daidai wannan lokaci, shahararren mawallafin waƙa ne. Lugga da kansa ya ƙiyasta a 1914 cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu ɗalibai fiye da 200,000, kuma duk wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a allo ya kama hanyar karanta ajami. A ɗaya ɓangaren, rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa shi ma yana da tarihinsa, tun daga J. F. Schön, wanda ya fitar da nahawu a 1862 da ƙamus a 1876 da Magana Hausa a 1885, zuwa C. H. Robinson da ƙamusunsa na ƙarshen ƙarnin. Amma wannan rubutu ne na Turawa domin Turawa. Kafin makarantar Nassarawa, Hausawan da suke karanta shi ba su taka kara sun karya ba.

Su kansu jami'an mulki ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba. Lugga da Miller suna son baƙaƙen Romawa. Burdon, Razdan na Sakkwato, wanda ya tara rubuce-rubucen ajami masu yawa da Frank Edgar ya yi amfani da su a Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa (1911–1913), yana ganin a bar mutane da rubutun da suka sani. Vischer ya goyi bayan ɓangaren farko, kuma tun da makarantar a hannunsa take, ra'ayinsa ne ya zama aiki. Binciken John Edward Philips, musamman a littafinsa Spurious Arabic (2000), ya fito da hujjojin da Vischer ya kafa: cewa boko ya fi saurin koyuwa, cewa buga baƙaƙen Larabci da wasullansu yana da tsada, cewa jami'an Turawa kaɗan ne suke iya karanta ajami, da kuma cewa in gwamnati ta koyar da ajami to tana taimaka wa yaɗuwar Musulunci ke nan a cikin waɗanda ba Musulmi ba.

Idan aka auna waɗannan hujjoji, za a ga biyu na ƙarshe ba su shafi harshe ba ko kaɗan. Ɗaya sauƙin mai mulki ce, ɗaya kuwa siyasar addini. Hujjar tsadar ɗab'i tana da ƙarfi a zamanin da ake jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya, amma ta raunana da aka sami hanyar ɗaukar hoton rubutun hannu a buga shi, wadda da ita aka cika kasuwanni da waƙoƙin ajami, har kamfanin Triumph na Kano ya riƙa fitar da jaridar Alfijir da ajami a shekarun 1980. Saurin koyuwa kuwa ya danganta da wanda ake koya wa. Ga yaron da bai taɓa riƙe allo ba, mai yiwuwa ne. Ga almajirin da ya sauke Alƙur'ani, an sa shi ne ya koma farko.

Ta fuskar sauti, kowane rubutu yana da inda ya fi ɗan'uwansa. Ajamin da aka saba bai cika bambanta "b" da "ɓ" ba, rufu'a ɗaya ce take wakiltar "u" da "o", kuma malamin Sakkwato da na Kano ba lalle su zaɓi baƙi ɗaya domin sauti ɗaya ba. Boko ya warware waɗannan. Amma ajami yana nuna tsawon wasali da alif da wawu da ya, abin da boko na yau da kullum ya yi watsi da shi, har ya zama "gari" na zama da "gari" na tuwo sura ɗaya gare su, haka "suna" na yanka da "suna" na "suna zuwa". Misali mafi kusa yana cikin sunan unguwar da gidan yake. Nassarawa daga "nasara" ta cin gaba take, an kuma raɗa sunan tun kafin Turawa su zo. "Nasara" na Kirista kuwa kalma ce dabam, mai dogon wasali a gaɓar tsakiya da karin sauti dabam. Mai rubuta ajami zai sa alif ya raba su. Mai rubuta boko ba shi da abin da zai raba su sai babban baƙi, shi ma in kalmar ta zo a farkon jimla ya tashi aiki.

A 1912 Vischer ya buga Rules for Hausa Spelling a mujallar African Society ta Landan. Waɗannan su ne ƙa'idojin da makarantun gwamnati suka fara bi, kuma a kansu ne gyare-gyaren baya suka hau. Akwai wani sakamako kuma da ba a cika ambata ba. Adabin jihadi ya fi karkata ga Hausar yamma, ta Sakkwato da Gwandu. Da aka kafa makarantar farko a Kano, aka horar da malaman farko a Kano, aka rubuta littattafan koyarwa na farko a Kano, sai karin harshen Kano ya sami rinjayen da kasuwanci ya riga ya share masa hanya. Ba zai zama wuce gona da iri ba a ce daidaitacciyar Hausa, wadda ta ginu a kan Kananci, ta fara ɗaukar kamanninta a wannan haraba, kafin Hukumar Talifi ta Zariya ta ƙarasa aikin a ƙarƙashin R. M. East.

Jama'a ba su karɓi sabon rubutun hannu biyu-biyu ba, sunan da suka ba shi ma shaida ne. An daɗe ana cewa "boko" daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi take. Paul Newman, a wata maƙala ta 2013, ya nuna cewa tsarin sautin kalmar bai yarda da haka ba, kuma kalma ce ta Hausa tun asali mai ma'anar abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake fitarwa a madadin amarya ta ainihi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo wannan ma'ana ta algus da yaudara. Ke nan a idon malaman zaure, abin da ake yi a gidan Ɗan Hausa kwaikwayon karatu ne. Su kuma daga baya hukuma ta rama musu, domin a ƙididdigar masu karatu sau da yawa ba a lissafa wanda ajami kaɗai ya iya, ko da kuwa yana rubuta wasiƙa da waƙa da lissafin kasuwancinsa. Muhawarar ba ta mutu ba. Ta sake tashi a 2007 da aka cire ajami daga takardun kuɗi na naira 5 da 10 da 20 da 50, ta kuma tashi a 2014 a kan sabuwar naira 100.

Duk da haka, adalci ne a faɗi abin da boko ya kawo. Shi ya ba Hausa damar shiga injin buga rubutu da maɗaba'a ba wahala, ya kai ta ga miliyoyin da suke jin ta a matsayin harshe na biyu ba tare da sun bi ta makarantar allo ba. A kansa aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, da littattafan gasar 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Janairun 1939.

5.0 Uwargida da Mazaunan Baya

Vischer ya auri Isabelle de Tscharner, ita ma 'yar Suwizalan, ta kuma zo ta zauna tare da shi a Nassarawa a zamanin da matan Turawa ƙalilan ne suke isowa Arewa. Ta rubuta littafi da Faransanci, Croquis et souvenirs de la Nigérie du Nord, wanda aka buga a 1917, inda ta bayyana zamansu a gidan da abin da ta gani na rayuwar Kano. Littafin yana cikin tsofaffin bayanan da mace Baturiya ta bari game da birnin, kuma kasancewarsa da Faransanci ya sa manazartan ƙasar nan ba su ci moriyarsa yadda ya kamata ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba Vischer da gidan. Ya tafi aikin soja, bai kuma komo kan kujerarsa ta Daraktan Ilmi ba. A wajajen wannan lokaci ne gwamnati ta karkata ga buɗe makarantu a larduna maimakon tara kowa a Kano, sa'an nan a 1921 Kwalejin Katsina ta karɓi aikin horar da malamai. Gidan ya ci gaba da zama mazaunin jami'an Turawa har ƙarshen mulkin mallaka, daga bisani ya koma hannun gwamnatin Jihar Kano, wadda aka ƙirƙiro a 1967, ya zama mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, da wurin nuna kayan gargajiya. Wannan riƙo na hukuma shi ya tsirar da shi. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai mai yi masa yaɓe da gyaran rufi kafin damina, kuma soraye da yawa na cikin birni waɗanda suka girme shi sun zube, ko magada sun rushe su sun yi na siminti. Maginan da suka ɗaure bakunansa, da malaman da suka fara zama a gaban allon Vischer suka kuma koyar da na bayansu, su ne suka fi kowa aiki a wurin, amma gidan bai ɗauki sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Barin Kano bai cire hannun Vischer daga al'amarin Hausa ba. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka a Landan shawara kan ilmi, kwamitin da ya fitar da takardar manufa ta 1925 mai ƙarfafa koyarwa da harsunan gida. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a 1926, inda Lugga yake shugaba, shi kuwa babban sakatare. Wannan cibiya ce, da jagorancin Diedrich Westermann, ta fitar da jagoran rubuta harsunan Afirka a 1927, ta sake fitar da shi da gyara a 1930, bisa manufar kowane sauti ya sami baƙinsa na kansa maimakon a riƙa ɗora wa baƙi alama. Kafin wannan, masu rubuta Hausa da boko sun yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin baƙi da waƙafi a gefensa domin raba "ɓ" da "ɗ" da "ƙ" daga takwarorinsu. A shekarun 1930 ne Hukumar Talifi ta tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 suka tarar suka kuma bari. An ba Vischer lambar girma ta "Sir" a 1941, ya rasu a Ingila a 1945, shekarar da aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. Baƙin farko na laƙabinsa, wato "Ɗ" mai ƙugiya, bai shiga rubutun Hausa ba sai bayan kimanin shekara ashirin da fitarsa daga gidan.